Farin Ruwan Shiroro: Tarihin Iskar da ke Ceton Kankare

1/ Ku gyara zama, zaren yau dogo ne. 🧵

Duk wanda ya taɓa ganin bidiyon Dam ɗin Shiroro ranar da aka buɗe ƙofofinsa, ya ga ruwa fari fat kamar an shiƙe auduga. Amma ruwan da ke kwance a tafkin bayansa ba fari ba ne. To me ya rina shi cikin 'yan daƙiƙu? Iska ce ta shige shi. Tarihin wannan iskar zan ba ku.

2/ Ni ɗan Kazage ne, ƙasar Birnin Gwari. Muna yara, in Agusta ta kankama, mukan tsaya bakin rafi muna kallon ruwa yana hawa falalen dutse yana faɗowa da kumfa. Ba wanda ya taɓa ce mana kumfar nan karatu ce. Ashe akwai waɗanda suka tsufa suna lissafinta, kuma zaman lafiyar garuruwa da yawa a kanta ya rataya.

3/ Mu fara sanin inda muke. Da yawa daga rafukan ƙasarmu Kogin Mariga suke nufa, Mariga kuma ta zube a Kogin Kaduna. A kan Kogin Kaduna, nan maƙwabta Jihar Neja, akwai manyan dam biyu: Shiroro mai megawat 600 da aka ƙaddamar a 1990, da Zungeru mai megawat 700 da aka fara ginawa a 2013.

4/ A kan Kogin Kwara kuma ga Kainji, wanda aka kammala a 1968, ga Jebba na 1985. Kainji ne ya haɗiye tsohon garin Bussa, aka tashi mutane sama da 40,000 aka sake musu matsuguni. Wato dai in an kawo wuta kun yi ihun "an kawo", akwai rabon waɗannan ruwaye a ciki.

5/ Kowane dam yana da makwarara, wato hanyar kankare da ake sakin rarar ruwa in tafki ya cika. Ita ce ƙofar ceto. Shiroro tarin duwatsu ne aka yi wa fuska da kankare, tsayinsa ya haura mita 100. Irin wannan dam bai jure ruwa ya bi ta kansa. In makwarara ta gaza a watan Satumba, babu wata dabara ta biyu.

6/ Ku riƙe lissafin nan. Abin da ya faɗo daga tsayin mita 100 yakan kai gudun kusan mita 44 a daƙiƙa, wajen kilomita 160 a awa ke nan. Sannan ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, nauyinsa tan ɗaya ne. In ana sakin irin akwatin nan 1,000 a daƙiƙa, daidai yake da tirelar siminti mai buhu 600 guda 33 suna wucewa duk daƙiƙa ɗaya.

7/ Za ku ce to ai nauyin ne ke fasa kankare. Nauyin yana da nasa, amma babban maƙiyin da ya wahalar da injiniyoyi ƙanƙani ne, wani lokacin bai kai ƙwayar gero ba. Sunansa kabiteshan. Bari in fassara shi da abin da kowa ya sani: tukunya a kan murhu.

8/ An koya mana ruwa yana tafasa a digiri 100. Gaskiya ne, amma a bakin teku. A Jos, saboda tudu, yana tafasa a wajen digiri 96, don matsin iskar da ke danne shi ya ragu. In ka ci gaba da rage matsin, ruwan randa mai sanyi ma sai ya tafasa ba wuta. Gwada: ɗebi ruwa mai ɗumi a sirinji, toshe bakin da yatsa, ja da ƙarfi. Za ka ga ƙwayoyin kumfa sun taso.

9/ Haka yake faruwa a makwarara. Ruwa na gudu kamar mota a titin Abuja, sai ya ci karo da ɗan tudu a kankare, ko ɗan tsagu, ko inda kafinta bai haɗa katakon zubi daidai ba. A bayan wannan ɗan tudun matsi yakan faɗi warwas, ruwa ya tafasa nan take, ƙwayoyin tururi su fito.

10/ Ƙwayoyin nan ba sa daɗewa. Da sun matsa gaba kaɗan inda matsi ya dawo, sai su rufta cikin ƙiftawar ido. Kowace ruftawa kamar bugun ƙaramar guduma ce mai tsinin allura. Dubbai a daƙiƙa, dare da rana. Kankare ya fara ƙuraje, ƙuraje su zama rami, ramin kuma ya zama sabon tudun da ke haifar da wasu ƙwayoyin. Injiniyoyi sukan fara tsoron abin in gudun ruwa ya kai mita 25 zuwa 30 a daƙiƙa.

11/ A jiragen ruwa aka fara gane cutar. A shekarun 1890 a Ingila, Charles Parsons ya ƙera jirginsa Turbinia da inji mai ƙarfin gaske, amma jirgi ya ƙi gudu. Da ya bincika sai ya tarar farfela tana juyawa ne cikin kumfar tururin da ta haifar da kanta. A 1917 Lord Rayleigh ya fitar da lissafin yadda ƙwayar kumfa ɗaya ke ruftawa da irin ƙarfin da take saki.

12/ Masu dam kuwa sai da abin ya ci su. Dam ɗin Hoover a Amurka, kan Kogin Colorado, tsayi mita 221, abin alfaharin zamaninsa. A 1941 aka saki ruwa ta ɗaya daga makwararunsa, wadda ta ratsa ta cikin dutse, na wasu watanni. Da aka rufe aka shiga dubawa, sai ga rami mai tsawon sama da mita 30, zurfinsa ya haura mita 10. Ruwa ya cinye kankare ya shiga cin dutse.

13/ Mafarin wannan ɓarna? 'Yar karkata ce a shimfiɗar kankaren, wadda ido ma da ƙyar zai lura da ita. Darasin da aka ɗauka a lokacin shi ne: a goge kankare ya yi sumul kamar tangaran. Aka yi ta gugar. Amma kankare yana tsufa, yana tsagewa, ruwa yana ajiye masa ƙanzo. Sumul ɗin yau ba ya kai shekara 20.

14/ Sai 1953. Wani injiniya mai suna Alvin Peterka, a hukumar gina dam ta gwamnatin Amurka da ke Denver, ya yi gwaji mai sauƙi. Ya sa kankare a inda kabiteshan ke cin sa, sannan ya riƙa hura iska kaɗan-kaɗan cikin ruwan. Da iska ta kai kashi 1 zuwa 2 cikin 100, ɓarna ta ragu sosai. Da ta kai wajen kashi 7 zuwa 8, ɓarna ta tsaya.

15/ Me ya sa? Ruwa zalla ba ya matsuwa, shi ya sa duk bugun da aka yi a cikinsa yake isa bango da ƙarfinsa. Ƙara tana tafiya cikin ruwa da gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa. Zuba masa iska kashi 1 kacal cikin 100, gudun ya faɗo wajen mita 100 da 'yan kai. Ruwan ya zama kamar katifa. Guduma tana nan tana bugu, amma a kan soso.

16/ Kun ga bambancin kumfa biyu ke nan, kada a haɗa su. Kumfar tururi, wadda cikinta kusan fanko ne, ita ke rufta ta ci kankare. Kumfar iska, irin wadda muke shaƙa, ita ke tare bugun. Ɗaya cuta, ɗaya magani, kuma a ido duk fari ne.

17/ Wani zai ce: to ai ruwa da kansa yake shan iska, ga shi nan fari. Haka ne, kuma an daɗe ana nazarin wannan. Ehrenberger ya auna shi a Ostiriya a 1926. Straub da Anderson suka yi awo mai zurfi a Minnesota a 1958. Abin da suka gani: a saman gangara ruwa yakan fito sumul kamar gilashi, hargitsin da gogayya da ƙasa ke haifarwa yana tasowa a hankali. Inda ya iso fuskar ruwa, nan fari ke farawa.

18/ Matsalar ita ce iskar da ruwa ya sha da kansa a sama take taruwa, don kumfa kullum sama take nema. Can ƙasa kuwa, a jikin kankare inda ake buƙatarta, sau da yawa babu ko kaɗan. Kamar a yi ruwan sama a kan rufi, shuka na cikin ɗaki.

19/ Dabarar da aka samo: a yi wa makwarara hanci. Ana gina ɗan tudu da gangan a shimfiɗar, ruwa ya yi tsalle a kansa, a ƙarƙashin tsallen a bar rami da aka haɗa da bututu zuwa waje. Gudun ruwan da kansa ke zuƙo iska ta bututun, ba inji, ba lantarki. An fara gwada wannan a bututan Dam ɗin Grand Coulee wajen 1960, sannan a Yellowtail bayan ɓarnar da ya yi a 1967.

20/ Amma kafin darasin ya game duniya, an sha wuya. A Agustan 1974 a Pakistan, ana cikin cika tafkin Tarbela a kan Kogin Indus karo na farko, kabiteshan ya ci ɗaya daga manyan ramukan sakin ruwa har wani sashe ya rufta. Dole aka zubar da ruwan tafkin cikin gaggawa. A 1977 makwararar dam ɗin Kogin Karun a Iran ita ma ta sha irin wannan ci.

21/ Labarin da ya fi tsayawa a rai shi ne na Glen Canyon, 1983, shi ma a kan Colorado. Dusar ƙanƙara ta yi yawa a duwatsu, zafi ya zo farat ɗaya ta narke, tafki kuma dama a cike yake. A farkon Yuni aka buɗe makwarara. Bayan 'yan kwanaki ma'aikata suka fara jin rugugi a cikin dutse, suka ga ruwan da ke fita ya koma ja, yana tofo gutsattsarin kankare.

22/ Ja ɗin nan launin dutsen da dam ɗin ke jingine da shi ne. Wato ruwa ya huda kankare ya shiga naman dutse. A rufe makwarara, tafki ya tumbatsa. A bar ta buɗe, rami ya ci gaba da girma. Gaba kura, baya sayaki.

23/ Kun san da me suka sayi lokaci? Katakon filawud. Suka kafa shi a saman ƙofofin makwarara don tafki ya ƙara ɗaukar ruwa da ɗan abin da ya haura mita ɗaya, daga baya suka musanya da farantan ƙarfe masu ninkin tsayin. Dam mai tsayin mita 216 ya rataya a kan katakon kafinta. Da ruwa ya janye aka shiga, ramin da aka tarar zurfinsa ya kai wajen mita 10.

24/ Gyaran da aka yi: aka cike ramin, aka yanka hancin iska a kowace makwarara. A Agustan 1984 aka saki ruwa da ƙarfi da gangan don gwaji. Aka shiga aka duba, kankare lafiya lau. Daga nan gardama ta ƙare. A Barazil ma, dam ɗin Foz do Areia da aka gama a 1980, wanda irin ginin Shiroro ne, tarin dutse mai fuskar kankare, da hancinsa aka gina shi tun farko, kuma awon da aka yi a kansa ya zama abin koyi.

25/ To yanzu tambayar da ta kawo mu kan kwamfuta: kafin a zuba kankaren biliyoyin naira, ta yaya za a san iska nawa ruwa zai sha, a ina, kuma hanci nawa ake buƙata? Don abin ya wuce kabiteshan kaɗai. Ruwan da ya sha iska yana kumbura kamar ƙullin da ya tashi, in bangon makwarara gajere ne sai ya tsallake. Iska in ta narke cikin ruwa fiye da kima kuma tana kashe kifi a ƙasan dam.

26/ Hanyar farko ita ce samfuri. A gina ƙaramin dam a ɗakin gwaji, misali a rage komai sau 50, a sake masa ruwa a auna. Ƙa'idar mayar da awon ƙarami zuwa babba ta samo asali ne daga William Froude, wanda ya yi gwajin ƙananan jiragen ruwa a Ingila a shekarun 1870. Manyan dam na ƙarni na 20 da wannan hanya aka tsara makwararunsu.

27/ Sai dai samfuri yana da ƙarya ɗaya da ba ya iya dainawa. Ka rage dam sau 50, ka rage gudu, ka rage zurfi, amma ba ka isa ka rage ƙwayar kumfa ba. Girmanta a ɗakin gwaji kusan shi ne girmanta a kogi. Ga ƙaramin samfuri ta yi ƙato, tana saurin tasowa ta fice. Shi ya sa samfuri yakan nuna iska ƙasa da abin da za a gani a ainihin dam.

28/ Hanya ta biyu: lissafi. Dokokin motsin ruwa an rubuta su tun tuni, Navier a Faransa a 1822, Stokes a Ingila a 1845. Ba wani sihiri a ciki: ruwan da ya shiga wuri dole ya fita ko ya taru, kuma ruwa ba ya sauya gudu sai an tura shi. Rubutawa sauƙi. Warwarewa ga ruwa mai hargitsi, da biro da takarda, ya gagari kowa har yau.

29/ Wani Bature, Lewis Fry Richardson, ya kawo shawara a littafinsa na 1922: a yanka sararin sama gida-gida kamar gidan dara, a yi lissafin kowane gida da maƙwabtansa, a matsa lokaci gaba kaɗan, a sake. Ya gwada hasashen yanayi na awa 6, ya ɗauke shi wajen mako 6, kuma amsar ta fito ba daidai ba. Ya ƙiyasta sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a riga yanayi gudu.

30/ Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: da masana suka sake bin aikin Richardson shekaru da yawa bayan haka, sai suka gano hanyarsa daidai ce. Awon farko da ya zuba cikin lissafin ne ke da tangarɗa.

31/ Mutum 64,000 ɗin nan kwamfuta ce ta zo ta maye gurbinsu. A 1965, a ɗakin binciken Los Alamos na Amurka, Francis Harlow da Eddie Welch suka fitar da hanyar bin sawun fuskar ruwa a kwamfuta. Cikin misalan farko da suka gwada har da dam da ya fashe ruwa ya kwararo. A 1981 Hirt da Nichols, su ma daga can, suka kawo dabarar da har yau ita ake yayi.

32/ Dabarar ga ta: a raba makwarara da iskar da ke samanta zuwa ƙananan akwatuna miliyoyi. Kowane akwati a ba shi lamba tsakanin 0 da 1. In 1 ne, ruwa zalla. In 0 ne, iska zalla. In 0.7 ne, kashi 70 ruwa, 30 iska. Kwamfuta ta lissafa matsi da gudu a kowane akwati, ta matsa lokaci da ɗan ɓangaren daƙiƙa, ta sake. Sau dubbai, sau miliyoyi. Wannan shi ne simuleshan, kwaikwayon ruwa da lambobi.

33/ Manhajoji irin su FLOW-3D da ANSYS Fluent da OpenFOAM duk suna wannan aiki. Za ka ga ruwa a allo yana gangarowa, ja inda matsi ya yi yawa, shuɗi inda ya faɗi. Ka matsar da hanci mita 10 gaba, ka sake kunnawa, ka ga bambanci, ba ka sayi buhun siminti ko ɗaya ba. Abin da samfuri zai ci watanni, nan kwanaki ne.

34/ Amma kumfa ta sake ba da wahala. Mu ƙaddara makwarara mai tsawon mita 300, faɗi 60, zurfin ruwa 5. Ƙwayar kumfa kuwa milimita ɗaya ce zuwa 'yan kaɗan. In kana so kowane akwati ya zama milimita ɗaya don ka ga ƙwayoyin, kana buƙatar akwati tiriliyan 90. Injiniya mai kwamfuta mai ƙarfi yakan yi aiki ne da miliyoyi. Tazarar ba kaɗan ba ce.

35/ To ya ake yi? Ana yin akwatunan manya, sannan a ba kwamfuta ƙa'idar ƙiyasi: in ƙarfin hargitsin ruwa a fuska ya rinjayi nauyin ruwan da kuma 'yar fatar nan da ke riƙe fuskar ruwa, wadda ƙwaro ke tafiya a kanta, to a ɗauka iska kaza ta shiga. Wannan "kaza" ɗin lamba ce da mutum ke sakawa da hannu. Daga ina ya samo ta? Daga awon gaske.

36/ Shi ya sa har yau ake komawa ga awon Straub da Anderson na 1958, da wanda Cain da Wood suka yi a jikin ainihin Dam ɗin Aviemore a New Zealand suka wallafa a 1981. Wasu mutane sun sa na'ura cikin ruwa mai gudun mota suka ƙirga kumfa. Duk hoton simuleshan mai kyau da kuka gani, a kan gumin irin waɗannan yake tsaye. Ga darasin Richardson ya dawo: in awo ya gurɓace, kwamfuta za ta ba ka ƙarya mai launi.

37/ Akwai kuma abin da kwamfuta ba ta gani sam, sai an gaya mata. Oroville, Kaliforniya, dam mafi tsayi a Amurka. Ranar 7 ga Fabrairun 2017 makwararsa ta ɓurme. Ranar 12 ga wata aka ce mutum kusan 188,000 su bar gidajensu. Masu bincike suka ce ruwa ne ya bi ta tsagu da mahaɗar kankare ya ɗaga shimfiɗar daga ƙasa, dutsen da ke ƙarƙashi kuma ruɓaɓɓe ne. An shekara da shekaru ana faci ana wucewa. Gyara ya ci sama da dala biliyan 1.

38/ Mu ma muna da namu tabon. Dam ɗin Bagauda a Kano ya ɓalle a Agustan 1988. Dam ɗin Alau ya mamaye Maiduguri a 1994, ya sake ranar 10 ga Satumban 2024, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Kowanne da sanadinsa, kuma waɗannan ba dogayen dam ba ne irin masu fama da kabiteshan. Abin da ya haɗa su da sauran labaran shi ne hanyar fitar ruwa da kula da ita.

39/ Yanzu ku dubi shekaru. Kainji ya haura 55. Tiga na Kano tun 1974. Bakolori 1978, Goronyo 1984. Shiroro ya wuce 30. An tsara su ne da awon ruwan sama da na koguna na wancan zamani. Tun daga lokacin mun ga 2012, mun ga 2022, mun ga 2024. An sare dazuka, ƙasa ba ta riƙe ruwa kamar da, yashi yana cike tafkuna.

40/ Nan simuleshan ya fi amfani gare mu. Dam ɗin da aka riga aka gina ba a mayar da shi ɗakin gwaji. Amma ana iya auna makwararsa yadda take a yau, da tsagunta da facinta, a zuba a kwamfuta, a sake mata ambaliyar da ba a taɓa gani ba, a ga inda matsi zai faɗi, inda iska ba ta kaiwa, inda ruwa zai tsallake bango. Gara a gani a allo da a gani a Satumba.

41/ Sai dai lissafin yana son abinci: ruwan sama nawa ya sauka a ina, kogi ya kai ina a wace rana, shekara bayan shekara. Ma'aunin kogi kuwa sai mutum ya je ya karanta shi, ko ya gyara na'urarsa. Mu 'yan Birnin Gwari mun san shekarun da hanya ta gagari mai zuwa gona, balle mai zuwa awon ruwa. Ƙasar Shiroro ma haka ta sha. Rashin tsaro yana cin har abin da ba a lissafa shi cikin asara.

42/ Don haka in an yi sanarwar za a buɗe ƙofofin dam, ban da "Allah Ya kiyaye", akwai tambayoyin da ɗan ƙasa ke da haƙƙin yi wa masu riƙe da dam da hukumomi irin su HYPPADEC da ke Minna: Yaushe aka shiga makwarara aka duba ta bayan damina? Yaushe aka sabunta lissafin ambaliya mafi girma da za ta iya ɗauka? Bututan iska a buɗe suke? Ina rahoton? Garuruwan ƙasa awa nawa ake ba su?

43/ Ku kuma ƙannena masu karatun injiniya a ABU Zariya, BUK, FUT Minna, ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna: OpenFOAM kyauta ce tun 2004. Cikin darussan farko da take zuwa da su akwai fashewar dam, jikan wancan lissafi na 1965. Laftof ɗin da kuke kallon ƙwallo da shi zai iya. Ku fara da ƙaramar makwarara, ko ta Dam ɗin Bagoma na nan gida.

44/ Amma kada ku tsaya a allo. Ku je da tef da sanda da agogon waya, ku auna zurfin ruwa da inda fari ya fara, ku kwatanta da abin da kwamfuta ta ce. In sun saɓa, kogi ne mai gaskiya. Ku rubuta awon, ku adana, ku wallafa. Wanda zai gyara dam ɗinmu nan da shekara 30 zai neme shi.

45/ Ni dai tun da na san wannan tarihi, in na bi ta bakin rafi da damina na ga ruwa ya faɗo fari, sai in tsaya in nemi daidai inda sumul ya ƙare kumfa ta fara. Ku ma ku duba a damina mai zuwa, ku turo min hoto.

Wanda ke da ɗan'uwa a garuruwan ƙasan dam, ya tura masa zaren nan. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da ambaliya.